Tsoho Ɗaya, Ƙofa Goma: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Hidimar Dattawa a Jos

Na daɗe cikin masu raka dattawa asibiti a unguwarmu, tun lokacin jinyar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har yau ban daina ba. Duk sa'ad da aka tayar da zancen a haɗa hidimomin dattawa su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ko a majalisa bayan la'asar ko a zaman kwamitin unguwa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu a kan kuɗi suke tsayawa. Ga su nan da amsoshinsu, gwargwadon abin da na gani da ido da abin da aka gwada a wasu ƙasashe.

Wai me ake nufi da haɗa hidimomin dattawa?

Ka roƙi wata tsohuwa ta miƙo maka ledar da take ajiyewa a ƙarƙashin matashi. Ta Inna baƙa ce, an ƙulle bakinta sau biyu. Ranar da na zazzage ta a kan tabarma na samu katin asibiti uku, kowanne da lambarsa, da takardar awon suga da ta yi laushi har rubutun ya dushe, da maganin ciwon gwiwa da wani jikanta ya sayo a kemis, da maganin hawan jini kwali biyu masu suna daban. Da na kai wa mai harhaɗa magunguna, sai ya ce ai magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Likita biyu suka rubuta, kowa bai san da ɗan'uwansa ba, ita kuwa tana shan duka biyun da safe. Jirin da take ta kuka da shi, wanda muka ɗora wa tsufa, daga nan yake.

Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan. Kowa ya yi aikinsa, sai dai kowa ɓangare ɗaya na Inna ya gani. Haɗa hidima shi ne a samu wanda ya ga Innar gaba ɗayanta: ƙofa ɗaya da za a ƙwanƙwasa, takarda ɗaya da ke bin tsoho duk inda ya je, da mutum ɗaya da aka san shi ne zai bi sawu. Kuma ba asibiti kaɗai ake nufi ba. Har da fansho, inshorar lafiya, abinci, abin hawa, gyaran makewayi, da samun wanda za a yi hira da shi.

Abin hawa-hawa ne. Mafi sauƙi shi ne ma'aikata su san juna, su iya tura mutum inda ya dace. Na biyu shi ne su riƙa zama suna tsara jinyar mutum tare. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne hukumomi su zuba kuɗinsu a asusu ɗaya.

Ba 'ya'ya ne ke kula da iyayensu ba? Me ya kawo hukuma ciki?

Su ne, kuma babu mai ƙwace musu wannan lada. Amma duba wanda ke jinyar a zahiri. Yawanci mace ɗaya ce, 'ya ko suruka ko jika, wadda ta ajiye sana'arta ko makarantarta. Mazan suna Abuja ko Legas ko Kano, suna turo kuɗi ta waya suna tambayar "ya jikin Baba?" Ita ce ke juya shi da dare, ita ce ke wankin zanin gado, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba. Tsarin da ake magana don ya tallafi wannan mata ne. Akwai kuma dattawan da ba su haihu ba, da waɗanda 'ya'yan suka riga su gidan gaskiya.

Ta fuskar doka ma ba baƙon abu ba ne. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin ƙasa, ko da yake yana cikin babin da ba a kai gwamnati kotu a kansa.

Akwai ma hidimomin ne a Jos, balle a haɗa su?

Akwai, warwatse suke. Akwai asibitocin sha-ka-tafi na gundumomi. Akwai Asibitin Ƙwararru na Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, da asibitin Jankwano. Akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, wadda aka kafa a 2019. Akwai 'yan agaji na Izala da na Jama'atu da na Fityanu, waɗanda sun san kowane lungu. A ɓangaren coci akwai Zumunta Mata, kuma hedikwatar COCIN da ta ECWA duk a nan garin suke. Ga masu unguwanni, ga kwamitocin raya gundumomi, ga masu fitar da zakka. A Abuja akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa dokarta hannu a farkon 2018, ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, a shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa.

Abin da babu shi ne zaren da zai ɗinke su. Ɗan agaji ya san gidan tsohon da bai fita masallaci ba mako biyu, amma ba shi da lambar ma'aikaciyar asibitin gunduma. Ita kuma tana da na'urar awon jini a aljihun tebur, ba ta san da tsohon ba.

To nawa abin zai ci?

Zai ci kuɗi, kuma tun kafin a ga amfaninsa. Duk wanda ya ce maka kyauta ne, ai kawai haɗa kai za a yi, bai taɓa kiran taro ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Babban abin da ke cin kuɗi shi ne mutum. Mai bin sawun dattawa gida-gida yana buƙatar alawus da ba ya yankewa, da kuɗin keke, da katin waya. Aikin sa kai yana yin wata uku da zafinsa, daga nan sai ya huce, domin mai yin sa shi ma yana da cefane a wuyansa. Sai horarwa, wadda ba a yi sau ɗaya a gama, tunda ma'aikata suna canja wurin aiki, wasu ma ƙasar suke bari. Sai kayan aiki: na'urar awon jini, da ta suga da tsinkenta da ke ƙarewa kullum, da allon gwajin ido, da littafin rajista. Sai lokacin da nas za ta ɗauka tana zaman tattaunawa, wanda a cikinsa akwai marasa lafiya a benci suna jiran ta.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a cika sa shi a lissafi ba. Ranar da aka fara shiga gidaje, za a tono ciwon da yake kwance shiru. Tsohon da ya saba da duhun idonsa za a ce masa yana ce, ana cire ta. Wadda take ganin ciwon kai ne kawai za a ce mata jininta ya hau. Dukansu yanzu suna buƙatar magani da tiyata da a da ba su cikin kasafin kowa. Alheri ne, amma alheri ne mai zuwa da takardar biya. Gano ciwo ba tare da tanadin maganinsa ba, tayar wa mutum da hankali ne kawai.

Abin da bai kamata ya ci kuɗi da yawa ba shi ne gini. Idan ka ji an fara da zancen katafariyar cibiya da motoci masu tambari, ka san ba don Baba ake yi ba.

Amma an ce tsarin yana rage wa gwamnati kashe kuɗi. Haka ne?

A nan sai an yi hattara, domin masu tallar tsarin sukan cika baki. Ingila ce ta fi kowa gwada abin tana aunawa, kuma sakamakon nata ya zo a gauraye.

Daga 2006 zuwa 2009 gwamnatinsu ta zuba fam miliyan 60 a ƙananan hukumomi 29 don gwajin haɗin gwiwa kan hidimar dattawa, shirin da ake kira POPP. Binciken farko ya ce kowane fam ɗaya da aka kashe ya rage kusan fam 1.20 a kuɗin kwanciyar gaggawa a asibiti. Aka yi ta murna. A 2011 cibiyar binciken lafiya ta Nuffield ta sake duba wasu takwas daga cikin ayyukan, ta gwada waɗanda suka amfana da wasu dattawan masu irin halinsu da ba su shiga ba, sai ba ta ga raguwar kwanciyar gaggawa ba. A wasu wuraren ma ƙaruwa ta yi.

Daga baya suka kafa babban asusun haɗaka tsakanin asibitoci da ƙananan hukumomi, wanda ya kai fam biliyan 5.3 a shekarar farko, 2015 zuwa 2016. An yi alkawarin rage kwanciyar gaggawa da 106,000. Da ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahotonsa a 2017, sai ga shi ta ƙaru da 87,000, kuma rarar da aka yi hasashe ba ta samu ba.

Shin wannan na nufin abin banza ne? A'a. Binciken POPP ɗin ya nuna dattawan da suka shiga suna cewa rayuwarsu ta yi sauƙi. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa baitulmali zai ga rara da wuri. Ni a ganina ma tambayar ce aka karkatar. Ba a tambayar ko allurar rigakafi ko rijiyar burtsatse ta dawo wa gwamnati da kuɗinta cikin shekara biyu. Ana tambayar ko abin da aka samu ya kai abin da aka kashe.

Ga kuma bambanci babba tsakaninmu da su. A Ingila gwamnati ce ke biyan kuɗin gadon asibiti, shi ya sa ita ke neman rara. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Saboda haka in an samu rara a Jos, ba a asusun ma'aikatar lafiya za a fara ganin ta ba, a tukunyar gida za a gan ta.

To ina ribar take a tukunyar gida?

Mu ɗauki rana ɗaya. Wani maƙwabcinmu dattijo, tsohon tela, yana da suga da hawan jini, idonsa ɗaya kuma ya yi yana. Ɗansa ya rufe shago, aka ɗauki shatar keke tun bayan asuba don a kama layi, cikin sanyin Disamba da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Aka zauna har azahar, aka ga likita na minti kaɗan, ya rubuta awo. Da aka je ɗakin awo aka ce sai da yunwa ake yi, a dawo gobe. Asibitin ido kuwa ranarsa daban ce a mako. A hanyar dawowa ɗan ya ce, "Baba, sai mun sake sammako gobe." Tsohon ya gyara hular sanyinsa ya ce, "Kai dai bar ni haka, ɗan nan. Na gode. Je ka buɗe shagonka." Bai koma ba. Wata biyar bayan nan ɓarin jikinsa ya shanye.

Yanzu lissafa. A gefe ɗaya, kuɗin wanda zai kira tun jiya ya ce a zo ba a karya ba, ya haɗa awo da likita da ido a rana ɗaya, ya biyo gida da aka ga bai dawo ba. A ɗaya gefen, kwana da kwanaki a gadon asibiti, hoton ƙwaƙwalwa, gashin ƙashi na watanni, keken guragu, kunzugun manya, surukar da ta daina sayar da awara, da keken ɗinkin da aka sayar. Ba na cewa kowane shanyewar jiki ana iya tare shi. Amma hawan jini shi ne babban mai jawo shi, kuma kuɗin maganinsa bai kai kuɗin jinyar shanyewar jiki ba.

Faɗuwa ma haka take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. A gidajenmu na Gangare da Unguwar Rogo da Dilimi, inda tsakar gida kan zo da dutse da gangare, wurin faɗuwar sananne ne: hanyar makewayi da asuba, da buta a hannu, ba wuta, siminti ya jiƙe. Ƙarfen dafawa a bango, da kujerar zama a makewayi, da fitila mai caji, da cire yanar ido, duka ba su kai rabin kuɗin karayar ƙugu ba. Kuma tsohon da ya karye a ƙugu, ko an kai shi wurin mai ɗori ko an yi masa tiyata, da yawa ba sa komawa yadda suke. Yanar ido kuwa ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, kamar yadda binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna, alhali aikinta gajere ne.

Sai ribar da ba ta shiga lissafi: mutum ya iya kai kansa makewayi, ya yi alwala da kansa, ya fita sallar jam'i ko coci, ya ga fuskar jikokinsa.

In abin yana da amfani haka, me ya hana hukumomi haɗuwa?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda zai kashe kuɗin daban, wanda zai samu sauƙin daban. Ƙaramar hukuma ce za ta biya mai bin gidaje, amma babban asibitin da cunkoso zai ragu a cikinsa na tarayya ne ko na jiha. Shugaban ƙaramar hukuma zai ce me zan nuna wa jama'a? Ba a yanke kyalle a kan karayar da ba ta faru ba.

Kuma kowane ofis yana da kasafinsa, da fom ɗinsa, da shugabansa da ba ya so a ce yana ƙarƙashin wani. Lafiya tana wata ma'aikata, jin ƙai tana wata, fansho yana wata. Ko asibitocin matakin farko kaɗai, sai da aka fito da manufar haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2011, domin a da hannaye da yawa ne a kansu.

Wa zai biya?

Akwai rijiyoyi da aka riga aka haƙa. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma kafa asusun masu rauni, kuma tsofaffi suna cikin waɗanda ta lissafa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga zakka da waƙafi da baikon coci. Matsalar ita ce tsohon da aka yi asusun dominsa bai san da shi ba, in ya sani ba shi da lambar NIN, in yana da ita ba shi da mai kai shi rajista. Wannan kaɗai aikin mai bin sawu ne, kuma yana jawo wa unguwa kuɗin da dama nata ne.

Japan ta bi wata hanya: tun 2000 duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan inshorar jinyar tsufa, gwamnati ta cika da haraji. Wannan sai ƙasar da yawancin mutane ke karɓar albashi a rubuce. Mu nan gwajin da aka fi tunawa shi ne na Ekiti, inda a 2011 aka fara ba marasa galihu masu shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata. Kuɗi a hannu yana da daɗi, amma ba ya gaya wa tsohuwa cewa kwalin nan biyu magani ɗaya ne.

Ba dabara ce ta kai iyayenmu gidan gajiyayyu ba?

Akasin haka ne. Manufar ita ce tsoho ya daɗe a ɗakinsa, cikin mutanensa. Gidan kula da tsofaffi ya fi komai tsada, kuma ya kamata a bar shi ga wanda ba shi da kowa.

Kowane tsoho za a sa a ciki?

A'a. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Alhajin da ke da shekara 68 yana tuka motarsa zuwa Taminus ba ya buƙatar kowa ya bi shi gida. Ya san inda zai je a auna shi ya wadatar. Waɗanda ake bi sau da ƙafa su ne mai ciwo biyu ko uku a haɗe, da wanda aka sallamo daga asibiti kwanan nan, da wanda ya taɓa faɗuwa, da mai kwana shi kaɗai, da wanda gigin tsufa ya fara kamawa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, mai suna ICOPE, ta ba da gajeren gwaji da ma'aikacin unguwa zai iya yi: gani, ji, tashi daga kujera, tunani, cin abinci, da halin zuciya. Da shi ake tace wanda za a tura gaba.

Gigin tsufa yana buƙatar kalma ta musamman. Tsohuwar da ta fita da dare ta ɓata, ko take kiran sunan matattu, ciwon ƙwaƙwalwa ne da ita. Ba mayya ba ce, ba kuma asiri aka yi mata ba. In ma'aikaciyar lafiya da liman da fasto suka faɗi haka da baki ɗaya, an ceci tsofaffi da yawa daga wulaƙanci.

Mece ce illarsa? Kada a ce duk zuma ne.

Na farko, sirri. Takarda ɗaya da hannaye da yawa ke taɓawa tana iya zama abin hira a bakin famfo. Dattijon da ke fama da yoyon fitsari zai gwammace ya mutu da abinsa da a ji a majalisa. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma abin da zai yi aiki a unguwa shi ne a nemi izinin mutum, kuma a zaɓi mai riƙon amana, mace ga mata, namiji ga maza.

Na biyu, ƙofa ɗaya in ta rufe, ta rufe duka. Idan mai bin sawun ya zama ɗan siyasa ko mai son a shafa masa, to an ƙara wa tsoho shinge ne. Jerin sunayen dattawa kuma abin kwaɗayi ne ga masu rabon kayan tallafi na lokacin zaɓe da 'yan damfarar waya masu cewa a turo lambar BVN. Na uku, shirin da ya dogara da kuɗin wata ƙungiyar waje yakan mutu ranar da ta naɗe tabarmarta, a bar mutane da magani rabi.

Jos a rabe take. Zai yiwu a haɗa hidima a garin da unguwanni suka rabu?

Wannan tambayar 'yan Jos ne kawai ke yin ta, kuma tana da nauyi. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, mutane suka koma zama bisa addini. Akwai tsohon da asibitin da ya fi kusa da shi yana unguwar da ya daina shiga shekara ashirin. In aka sa dokar hana fita, mai suga yana iya kwana uku ba magani. Saboda haka duk tsarin da za a yi dole ya zama na gunduma-gunduma, da mutanen da unguwa ta yarda da su, sannan a haɗe a sama.

Amma na ga wani abu a bencin asibiti. Hajiya daga Rikkos da Mama daga Tudun Wada suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna gwada wa juna kwalin magani, suna ƙorafin tsadarsa da Hausa ɗaya. Da yawansu tare suka tashi, tare suka yi kasuwa kafin gobarar babbar kasuwa a 2002. Su ne ma suka fi matasa sanin juna.

Me ya haɗa fansho da wannan magana?

Ranar da fansho ya makara, ranar ake fara raba ƙwayar magani biyu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma wasu kamfanonin magani irin su GSK suka janye daga ƙasar, kuɗin keke da na magani suka tashi tare. Hukumar PTAD, mai biyan fanshon tsofaffin ma'aikatan tarayya, ta kawo tantancewa ta waya mai suna I Am Alive, wato ina raye, don a daina tara tsofaffi a layi. Abu ne mai kyau, sai dai yana son babbar waya da intanet da mai latsawa. In teburin da ake awon jini yana da wanda zai taimaka da wannan, an huta da tafiya ɗaya. Amma a tuna yawancin dattawanmu, 'yan tireda da dillalai da direbobi da matan gida, ba su da fansho ko na sisi.

Da me ya kamata unguwa ta fara?

Da abin da Turawan Ingila suka gwada a wani ƙaramin shiri, LinkAge Plus, a wurare takwas daga 2006 zuwa 2008. A Nottinghamshire, duk ma'aikacin da ya shiga gidan tsoho, ko ɗan kwana-kwana ne ko nas, yana cike 'yar takarda ɗaya mai tambayoyi kaɗan, ita za a bi a tura wa ofishin da ya dace. A Gloucestershire kuma 'yan gari aka ɗauka, ana biyan su, suna zagaya ƙauyuka suna haɗa tsofaffi da hidima. Mu ma muna da irinsu, tunda an ƙaddamar da shirin CHIPS na ma'aikatan lafiya na cikin al'umma a 2018, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga mata masu ciki da yara.

Mai unguwa da shugabar asibitin gunduma da 'yan agaji da matan zumunta su zauna, su ƙirga dattawan da ke cikin haɗari, su ware rana ɗaya a wata ta dattawa, su ɗora wa mutum ɗaya alhakin kowane gida. Bayan shekara a duba abubuwa kaɗan: mutum nawa ne jininsu ya sauka, nawa suka faɗi, nawa aka yi wa ido, nawa suka shiga inshora, nawa aka tura babban asibiti kuma suka isa. Yawan tarurruka da hotuna ba ma'auni ba ne. Ranar Dattawa ta Duniya, 1 ga Oktoba, ta faɗo daidai da bikin 'yancin kai, shi ya sa kullum fareti ke danne ta. Ko ita aka ɗauka ranar wannan lissafi ta isa.

Kafin hukuma ta motsa, me zan yi wa nawa tsohon?

Sayi littafin rubutu mai kauri, ka rubuta ciwonsa, da sunan kowane magani da yadda ake sha, da awon jini da na suga da kwanan wata. Duk likitan da aka je wurinsa a miƙa masa, a roƙe shi ya rubuta layi biyu. Kwashe ledar magungunan duka, har da na gargajiya da na kemis, ka kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya duba. Ka lura musamman da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, domin yawan shan su yana tayar da jini, yana taɓa ƙoda da ciki. Ku zauna a gida ku fitar da mutum ɗaya da zai riƙe littafin, sauran su ɗauki kuɗi da kwanan jinya, a kuma ba mai jinya ranar hutu. Ka je ofishin PLASCHEMA ko asibitin gundumarku ka tambayi yadda ake sa tsoho a inshora, ka tafi da lambar NIN ɗinsa. Kafin sanyi ya shigo, ka duba hanyar makewayi da dare da idonka, ka sa fitila da abin dafawa. In ana sa masa kaskon garwashi a ɗaki, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa a kwanta.